Muhawara: dole ne ƙarar obadiraif ta zo daidai da ta jita zalla?

Auta: Salamu alaikum. Tun da na fara koyon jita nake jin wai fedar obadiraif, wato na'urar da ake takawa da ƙafa don sautin jita ya yi gurnani, sai an saita ta yadda a kunne da a kashe ƙarar ɗaya ce, wanda ya wuce haka bai iya ba. Na bi ƙa'idar a ɗakina, komai ya fita tsaf. Jiya wajen gwaji na taka ta daidai inda zan yi kiɗan ni kaɗai, sai jitata ta nutse kamar an zare waya. Ina matsalar take?

Baba Mai Jita: Wa alaikumus salam. Ƙa'idar ba ta da laifi, ɗana. Mai kula da sauti ya gama saita ka kafin a fara. In duk takun da ka yi sai ƙara ta yi tsalle, ka danne mawaƙi, mai kula da sautin kuma ya yi ta rage ka. Ni dai ina kan daidaito.

Injiniya: Baba, a gafarce ni, ban yarda ba. Jita zalla in ka daki tsirkiya, bugun farko yakan fito da tsini ya huda ganguna, sannan ya sauka. Aikin obadiraif shi ne aske wannan tsinin, ya ja jelar sautin ta daɗe. Kai kaɗai a ɗaki kunnenka zai ce ƙara ta ma ƙaru. Cikin ganguna da bes (jita mai kaurin sauti) kuwa, abin da ke fito da kai ne aka aske. Shi ya sa Auta ya ɓace.

Kuma maɓallin da aka rubuta wa Level ba ƙara kaɗai yake juyawa ba. Shi ke faɗa da wane ƙarfi sautin zai daki amfilifaya, na'urar da ke ƙara masa ƙarfi kafin ya fita lasifika. Shahararren makaɗin jita Stevie Ray Vaughan da fedar obadiraif mai suna Tube Screamer aka san shi, kuma salon da ake danganta masa shi ne Drive (maɓallin gurnani) ƙasa, Level sama, don amfilifaya mai bawul (irin mai ƙwan gilashi a ciki) ta yi gurnanin da kanta. Da ƙa'idar daidaita ƙara ya bi, da ba mu ji wannan amon ba.

Yaya Mai Bes: Ku duka ƙara kuke ta auna, ni a ganina amo ne matsalar. Tube Screamer, tun samfurin TS808 na 1979, tana rage kaurin ƙasa ta turo tsakiya, wajen 720 Hz a ma'aunin kauri da tsinin sauti. Shi ya sa ko ba ka ɗaga ta sosai ba take fitowa fili, ta bar min wurina. Sannan tun 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka nuna cewa in sauti ya yi ƙasa-ƙasa, kunne ba ya kama kaurinsa sosai. Abin da ka saita da dare don kada ka tayar da mutane, in aka buɗe lasifika wani abu ne daban. Auta, wace feda ce, kuma ina ka ajiye maɓallan?

Auta: Boss SD-1 ce, Yaya. Drive na murɗe shi har ƙarshe, Tone (maɓallin amo) yana wajen ƙarfe tara in ka ɗauke shi kamar hannun agogo, don tsinin na damun kunnena.

Yaya Mai Bes: To ga ta nan. Ka matse sautin, ka kuma rufe masa baki.

Baba Mai Jita: Wannan na karɓa. Amma Injiniya, faɗi sauran maganar. In amfilifayar ta riga ta ƙoshi tana gurnani, ko ka kai Level ƙarshe ƙarar ba za ta motsa sosai ba, sai dai sautin ya caɓe. Haka in ka jera fedoji biyu, Level na ta farko gurnani yake ƙara wa ta biyu, ta ƙarshen ce ke riƙe da ƙara da amo. Yaro ya ji an ce a ɗaga, ya ɗaga ta farko, ya dawo yana kukan ƙugi.

Injiniya: Gaskiya ne Baba, a nan ba mu saɓa ba. Auta, amfilifayarka garau take ko da gurnani?

Auta: Garau take, Malam.

Injiniya: To kana da sarari. A gwaji na gaba ka mayar da Drive ƙarfe goma, Tone ƙarfe goma sha biyu. Ka bari mai ganga ya fara, ka riƙa takawa kana kashewa, kana ɗaga Level kaɗan-kaɗan har ka ji kanka ba tare da ka ƙara ƙarfin hannu ba.

Baba Mai Jita: Kuma ka sa mawaƙin ya rera lokacin da kake saitawar. In ya juyo ya kalle ka, ka rage.