Kumburin ƙananan hanyoyin iska a huhun jarirai: abin da kowa ya gani da idonsa

Uwar Jinjiri:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ɗana yana da wata huɗu lokacin da mura ta kama shi, kuma a kwana biyun farko ban ga abin tayar da hankali ba, domin majina ce da ɗan tari da zazzaɓi mara zafi. A daren kwana na uku ne lamarin ya sauya. Ya kama nono ya saki, ya sake kamawa ya saki yana kuka, saboda hancinsa ya toshe kuma ba ya iya haɗa tsotso da numfashi. Da na ɗaga rigarsa sai na ga fatar da ke ƙarƙashin haƙarƙarinsa tana lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja iska, ƙirjin kuma yana wata ƙara siririya kamar fito. A asibiti likita ya saurari ƙirjinsa, ya ƙirga numfashinsa, ya maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsan ƙafa domin auna iskar oksijin da ke jininsa, sannan ya ce cutar bironkiyolaitis ce, wato kumburin ƙananan hanyoyin iska a huhu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bai nemi hoton ƙirji ba, bai kuma rubuta antibayotik ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga wannan hali su gaya mana yadda tasu ta kasance.

Ma'aikaciyar Jinya:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da likitan ya yi shi ne daidai, ko da yake na san yadda zuciyar uwa take ji idan ta baro asibiti ba da kwalbar magani a hannu ba. Na shafe shekaru a ɗakin yara, kuma wannan ce gardamar da muka fi yi da iyaye. Cutar tana kama yara 'yan ƙasa da shekara 2, ta fi yawa tsakanin wata 3 zuwa 6, kuma galibi ƙwayar bairas da ake kira RSV ce take haddasa ta, wadda kusan kowane yaro yakan gamu da ita kafin ya cika shekara 2. Antibayotik ba ya kashe bairas. Hodar shaƙa ko feshin da ake ba mai asma ma ba ya yin wani tasiri a nan, domin abin da ya toshe hanyar iskar kumburi ne da majina. Ana gane cutar ne daga labarin da uwa ta bayar da kuma abin da aka ji a ƙirji, shi ya sa ba a cika buƙatar hoto ko gwajin jini ba sai idan ana zargin namoniya.

Abin da nake koya wa iyaye shi ne ƙirga numfashi na minti ɗaya cif yayin da yaro yake a natse. Sau 60 ko fiye ga ɗan ƙasa da wata 2, ko sau 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, sauri ne da ke buƙatar a duba shi. Idan kuwa ƙofofin hancinsa suna buɗewa da ƙarfi, ko yana nishi a kowane numfashi, ko leɓɓansa da harshensa sun sauya launi, ko numfashin yana ɗaukewa na ɗan lokaci, to ba a jiran wayewar gari. Haka kuma idan abin da yake sha ya ragu da rabi, ko ya yi awa 12 bai jiƙa kunzugu ba.

Baban Tagwaye:

Malama, na gode da wannan bayani, kuma zancen ɗaukewar numfashi shi ne ya faru da mu. Tagwayenmu bakwaini ne, kuma ƙaramar ba ta yi wani tari mai yawa ba, sai dai mahaifiyarta ta lura tana yin shiru kamar ta manta da numfashi, sannan ta zabura. An kwantar da ita kwana biyar. Duk maganin da aka yi mata bai wuce oksijin ta siririyar roba a hanci ba, da wata robar da aka zura har cikinta ana ba ta nonon da aka tatsa, da tsotse majina lokaci zuwa lokaci. Na yi kwana biyu ina jin haushin cewa ba a yi mata komai, har sai da na ga lambar da ke jikin na'urar auna oksijin ta daina sauka ƙasa da 90 ko an cire oksijin. A nan ne aka gaya mini cewa bakwaini da masu ciwon zuciya na haihuwa sun fi shiga haɗari, kuma hayaƙin taba yana tsananta cutar. Tun ranar ban ƙara kunna sigari ba, ko da yake da kyar na iya.

Uwar Uku:

Nawa a gida ya warke, da ɗigon ruwan gishiri na asibiti a hanci kafin kowace shayarwa, da shayarwa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Kuskuren da na yi shi ne sayen maganin tari, wanda likita ta ce in ajiye domin bai dace da jarirai ba. Ta kuma ambata mini cewa tun daga 2023 akwai rigakafin RSV da ake yi wa mai juna biyu, da wata allura mai suna nirsevimab da ake yi wa jarirai, sai dai ba kowace ƙasa ce take da su ba tukuna.

Uwar Jinjiri:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Yau kwana tara ke nan, yana kama nono sosai kuma haƙarƙarin ya daina lotsawa, amma tarin yana nan, musamman da dare. Malama, likita ya ce tarin yana iya kaiwa mako uku, to ko akwai wani abin da zan ci gaba da lura da shi kafin lokacin ya cika?