Za a iya ƙwato gishirin softina da lantarki a gidajen fiya wata na Gombe?

Baban Walida, Tumfure: Assalamu alaikum jama'a. Maganata ita ce duk gidan fiya wata mai softina, wato na'urar cire taurin ruwa (kalsiyam da magnesiyam), a garin nan zubar da gishiri yake yi a banza. Tanki mai lita 100 na rezin, ƙananan ƙwayoyin da ke kama taurin, yana cin gishiri kamar kilo 12 a kowane wankin da ake yi wa rezin ɗin, a narka shi a ruwa lita 120, a gama a sake shi kwata. Da injin elektrodayalisis za a dawo da kusan dukkansa. Injin jerin fatun tacewa ne iri biyu, ana jera su bi da bi tsakanin faranti biyu masu wutar DC irin ta batir. Wata fatar sodiyam take bari ya wuce, wata kuloraid, sai gishiri ya taru a layi ɗaya, ruwan da aka rage wa gishiri ya bi ɗayan. Tun 1972 da wannan hanyar Japan take fitar da gishirin ci daga ruwan teku.

Malama Maman Sadiƙ, Jekadafari: Wa alaikumus salam. Baban Walida, a "kusan dukkansa" ɗin nan muka rabu. Aikin wankin shi ne sodiyam ya zauna a jikin rezin ya kori kalsiyam da magnesiyam. A ma'aunin giram 120 kowace lita, fiye da rabin sodiyam ɗin ya riga ya zauna, daga baya kuma ya bi ruwan da ake tacewa ya tafi. Abin da ke fita kwata kuloraid ɗin kalsiyam ne da na magnesiyam, sai ragowar gishirin da bai yi aiki ba, kilo 5 zuwa 6. Iyakar abin da kowane inji zai iya kamowa ke nan, ba 12 ba.

Baban Walida: Na karɓi gyara, Malama. To ko kilo 5 ne ai riba ce, don wutar ba ta da yawa. Ga lissafi: kilo ɗaya na gishiri yana buƙatar kamar amfiya-awa 458 a tagwayen fata guda, wato fatu iri biyun nan haɗe. Kilo 5 a inji mai tagwaye 50 ya kama amfiya-awa 46. A amfiya 10, in aka sa asarar da ba a rasa ba, awa 6 ke nan a kan bolt 40, wato bai kai kilowat-awa 3 ba. Sola ma ta ɗauka.

Injiniya, Bolari: Lissafinka daidai ne, amma ba wuta ce matsalar ba. Fatar da aka saba sayarwa ba ta bambanta sodiyam da kalsiyam, hasali ma kalsiyam ya fi saurin ratsa ta. Sai ka tara ruwa mai kauri wanda bai da amfani ga rezin. Dole sai fata ta musamman mai zaɓen masu caji ɗaya irin sodiyam, wadda aka shafa wa siririn rufi mai korar masu caji biyu kamar kalsiyam da magnesiyam, irin ta Japan ɗin. Ita ma tana yoyo kaɗan, kuma ruwan teku bai kai sharar softina yawan kalsiyam ba ko kusa. In ka mayar da ruwan gishiri mai kalsiyam cikin tanki, rezin ba zai wanku sosai ba, tauri ya riƙa tsallakawa, fatar RO da ke gaba, wato injin da ke tace ruwan sha da matsi, ta toshe. Ka ceci gishiri ka kashe abin da ya fi shi tsada nesa ba kusa ba.

Sai kanzo, wato abin da ke daskarewa a jikin fata. In ruwan rijiyar yana da salfet, yana haɗuwa da kalsiyam a layin tarawa ya zama jifsam, shi kuwa da ya ɗan wuce giram 2 a lita a ruwa zalla ya fara daskarewa. In kuma ka ƙara wuta fiye da abin da ruwan zai iya ɗauka, ruwan kansa ne ke tsagewa, pH, wato ma'aunin asid, ya tashi a fuskar fata, magnesiyam ya kwanta fari fat. Alamar ita ce bolt na hawa amfiya na sauka. Maganinsu: filta maikiron 5 a gaba, a cire ƙarfen ruwa ya koma ƙasa da miligiram 0.3 a lita, a riƙe layin tarawa da ɗan asid, a wanke inji da asid haidirokulorik mai rauni lokaci-lokaci. Ruwan da ke zagaya farantai kuma na sodiyam salfet za a sa. Wanda ya sa ruwan gishiri a wurin, iskar kulorin zai cika ɗaki da ita, kuma yaran da ke aiki ne za su shaƙa.

Alhaji Mai Ruwa, Pantami: Injiniya, ka ƙara da zafi. Yawancin fatun nan ba a so su wuce digiri 40, ga watan Maris da Afrilu a Gombe, ga tanki baƙi a rana. Kuma ba a barin su su bushe, ko an yi sati ba aiki sai da ruwa a ciki. Ni tambayata, ruwan da RO ke zubarwa fa? Shi ne mai yawa.

Maman Sadiƙ: Alhaji, wannan a bar shi. Rijiya mai miligiram 500 a lita, in RO ya raba ruwan biyu, sharar ba ta wuce giram 1 a lita, kuma yawancinsa ba gishirin ci ba ne. Ya fi dacewa da wanke ƙasa da banɗaki.

Baban Walida: Amma ku duba inda ruwan gishirin yake zuwa. Kwata ce, daga nan ƙasa, daga nan rijiyoyin maƙwabta. Kuloraid ba ya ruɓewa. Wannan ya fi kuɗin gishirin damu na.

Injiniya: Nan kam muna tare, yallaɓai, sai dai injin bai raba ka da sharar ba, ruwan kalsiyam kuloraid na nan sai ka nema masa kwami mai shimfiɗar leda rana ta busar, da damina kuma a rufe. Akwai abin da ya fi sauƙi a fara da shi. Sharar wanki ba iri ɗaya take fita ba: ta farko kalsiyam ya fi yawa, ta ƙarshe kusan gishiri ce zalla. A sa bawul da mitar auna gishiri, a kama ta ƙarshen a wani tanki, a fara wanki na gaba da ita kafin sabon ruwan gishiri.

Maman Sadiƙ: Ko a zuba soda ash a sharar, kalsiyam ya kwanta alli, a tace a samu ruwan gishiri. Giram 53 na soda yana maido giram 58.5 na gishiri, don haka a gwada farashin buhunan biyu a kasuwa kafin a fara. Magnesiyam kuma sai an ɗaga pH ya kusa 11 da farar ƙasa.

Baban Walida: Har yanzu ina kan bakana ga manyan masana'antu masu wanki kullum, ko gidaje goma su haɗa kai su sayi inji ɗaya a riƙa kai masa shara a tanka.

Alhaji Mai Ruwa: To sai a auna taurin kowace tanka da kayan gwajin EDTA, sinadarin auna taurin ruwa, kafin a juye, don rijiyar Tumfure daban, ta Pantami daban. Kuma a rubuta a jikin tanki cewa gishirin nan na rezin ne kawai, ba shi da aidin, kada wani ya busar ya kai kasuwa.