Muhawara: Kyautar Eli Broad taimako ce ko neman iko?

Malamin makaranta: Assalamu alaikum. Jiya na ce Eli Broad, attajirin maginin gidaje na Amurka wanda ya rasu ranar 30 ga Afrilu, 2021, bai cancanci a kira shi mai taimako tsantsa ba, domin duk inda ya zuba dukiyarsa sai ya nemi a bi ra'ayinsa. Wasu sun ce ban yi masa adalci ba, saboda haka ina so mu tattauna maganar a tsanake.

Hajiya: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yanke wa mutum hukunci, ya kamata a san daga inda ya fito. An haife shi a unguwar Bronx ta birnin New York a 1933, iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Lituwaniya, mahaifinsa mai fentin gidaje, mahaifiyarsa kuma tela. Ya tashi a Ditroit, ya karanta aikin akanta a Jami'ar Jihar Michigan, sannan a 1957 ya haɗa gwiwa da Donald Kaufman suka kafa kamfanin Kaufman and Broad da jarin da ya ranto daga surukansa. Wanda bai gaji komai ba, daga baya ya yi alkawarin bayar da kashi 75 cikin ɗari na dukiyarsa, ban ga dalilin da za a raina kyautarsa ba.

Injiniya: Ina goyon bayan Hajiya, kuma ni taimakonsa na farko a gini nake ganinsa. A Ditroit na wancan zamani, al'ada ita ce a haƙa wa gida ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, wanda ke cin kuɗi da lokaci. Su kuwa suka bar haƙan, suka ɗora gidan a kan daɓen kankare, suka sayar da shi ƙasa da dala 14,000, har ma'aikacin masana'antar mota da ke zaman haya ya iya mallakar muhallinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan magina yana lissafin buhunan siminti ya san irin sauƙin da wannan ya kawo.

Malamin makaranta: Injiniya, wannan ciniki ne, kuma ya ci ribarsa. Daga nan ya sayi kamfanin inshorar Sun Life a 1971, ya mayar da shi SunAmerica, ya sayar wa babban kamfanin inshora na AIG a kan kimanin dala biliyan 18. Ban yi masa hassadar wannan ba. Abin da ke damuna shi ne makarantu. A 2002 ya buɗe cibiyar horar da shugabannin hukumomin ilimi, inda ake koya musu tafiyar da makarantun gwamnati da salon kamfani. A 2015 kuma jaridar Los Angeles Times ta fito da wani shiri da gidauniyarsa ke jagoranta, na kashe dala miliyan 490 don buɗe makarantu 260 irin waɗanda gwamnati ke biya amma masu zaman kansu ke gudanarwa, da nufin su ɗauki rabin ɗaliban birnin Los Angeles. Ƙungiyar malamai ta yi tsayin daka wajen adawa da shirin, kuma a ganina tana da gaskiya, domin iyaye suna iya kayar da ɗan hukumar ilimi a akwatin zaɓe, amma ba su da hanyar sauke attajiri. Ni da na yi shekaru riƙe da alli, na san cewa kowane yaro da ya bar makarantar gwamnati da kasonsa na kuɗi yake tafiya, a bar malami da rufi mai yoyo da yaran da ba su da inda za su.

Alhaji: Malam, hujjarka tana da nauyi, amma ina roƙon mu kiyaye abu guda, kada wani ya jingina wannan hali ga kasancewarsa Bayahude. Bill Gates da iyalan Walton masu Walmart sun zuba kuɗi a irin waɗannan makarantu, kuma an yi musu irin wannan suka.

Malamin makaranta: Haka ne, Alhaji, addininsa ba ya cikin ƙorafina ko kaɗan.

Hajiya: To, Malam, me za ka ce game da Cibiyar Broad da ya kafa tare da jami'o'in Harvard da MIT? Masananta sun yi aiki da takwarorinsu na Jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun wajen binciken ƙwayoyin cutar Ebola da zazzaɓin Lassa, wanda har yau yake ɗaukar rayuka a ƙasarmu. Ga kuma gidan adana zane-zanen da ya buɗe a Los Angeles a 2015, wanda ake shiga kyauta.

Malamin makaranta: A kan cibiyar bincike na sallama, Hajiya, domin a can ya ba da kuɗi, masana suka yi aikin da suka ƙware a kai. A kan gidan zane kuwa ina da ja. A 2008, daf da buɗe ginin da ya ɗauki nauyinsa a gidan tarihin zane-zane na gundumar Los Angeles, wato LACMA, ya sanar cewa ba zai mallaka musu zane-zanensa ba, aro kawai zai riƙa ba su, kuma daga baya ya gina nasa gidan mai ɗauke da sunansa. Da ya bar wa malamai da iyaye ragamar makarantu kamar yadda ya bar wa masana ɗakin bincike, da ban buɗe wannan muhawara ba.