Neman shawara: sati takwas suka rage, ba mu da tsarin gwajin manhaja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu biyar ne muke haɗa wata manhajar waya ta rajista da biyan kuɗi, ni aka ɗora wa gwaji. Sati takwas suka rage mu miƙa aiki. Shugabanmu ya ce a bari sai satin ƙarshe a gwada komai, wai ai ɓangaren biyan kuɗin daga tsohuwar manhajarmu muka ɗauko, ya daɗe yana aiki lafiya. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Jiya na zauna zan rubuta tsarin gwaji, awa guda ina kallon allo ban rubuta ko layi ɗaya ba. Don Allah ta ina zan fara?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wannan tsohon ɓangaren da ake cewa lafiyarsa ƙalau, shi za ka fara gwadawa. A 1996 rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta, kuma musabbabin manhaja ce da aka ɗauko daga Ariane 4. Can tana aiki daidai, amma sabuwar rokar ta fi gudu, sai wata babbar lamba (mai bit 64) ta ƙi shiga ƙaramin gurbin da aka tanadar mata (mai bit 16). Ba a gwada ta da yanayin tafiyar sabuwar ba.

Ka ɗauki takarda ka jera sassan manhajarku. A gaban kowanne ka rubuta abu biyu: in ya lalace wa zai cutu, kuma sau nawa ake taɓa shi. Biyan kuɗi da shiga asusu su ne a sama. Launin maɓalli ya jira. Ka gwada abin da zai faru in intanet ta yanke ana tsakiyar biya, ko mutum ya danna maɓallin sau biyu. Nan ake cire wa mutane kuɗi ninki biyu.

Amsa ta biyu:
Malam, satin ƙarshen nan ba zai isa ba. In ka gano matsala ranar Laraba, yaushe za a gyara, yaushe za ka sake gwadawa ka tabbatar gyaran bai ɓata wani wuri ba? Duk abin da aka gama a sati, a gwada shi a satin. Kuma ku rubuta sharaɗin sakin manhajar tun yanzu, shugaban ya sa hannu: ba za a sake ta ba matuƙar akwai babbar matsala a biyan kuɗi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ya batun Selenium ko Appium, manhajojin da ke yin gwaji da kansu, in sa su a tsarin?

Amsa ta biyu:
Tunda ta waya ce, Appium. Amma kai kaɗai ne, kada ka ɗebo da yawa. Rajista, shiga asusu da biya kawai, sauran ka bi su da hannu a wayoyi uku, ɗaya tsohuwa mai ƙaramin allo.