Wane suna za mu ba "awning" na ɗakin-ja?

1/
Salamu alaikum, masu kishin harshe. Ina neman mu tsayar da kalmar Hausa ga abin da Ingilishi ke kira "awning", Faransanci kuma "auvent". Ba wanda ake kafawa a gaban shago nake nufi ba, na jikin "caravan" nake nufi, ɗakin nan mai taya da mutanen Ingila da Holan da Jamus ke ɗaura wa mota a baya su ja shi zuwa wurin hutu.

2/
Mu fara sallamar ɗakin kansa. Ayari, ko da yake shi ma "caravan" ake ce masa da Ingilishi, bai shigo nan ba, wannan na fatake ne da raƙumansu. Tafi-da-gidanka ya fi dacewa da motar da injinta da gadonta ke haɗe. Shi wannan ba ya motsi sai an ja shi, kuma wanda aka fara ƙerawa don yawon shaƙatawa a Ingila a 1885 ma dawakai ne suka ja shi. Ɗakin-ja nake ce masa.

3/
Sai an san yadda ake kafa abin kafin a raɗa masa suna. A gefen da ƙofa take akwai siririn kwarmi na alminiyam da ya taso daga ƙasa, ya bi saman bango, ya sake gangarowa ta ɗaya ƙarshen. A bakin yadin kuma an ɗinke igiya mai kaurin kamar milimita 6. Mutum ɗaya yana cusa igiyar a bakin kwarmin, ɗan'uwansa yana ja a hankali, kamar zura zariya a ƙubakar wando. In yadin ya gama shiga sai a tayar da sanduna, a kafa turaku, a ɗaure igiyoyi. Abin da za a samu shi ne bango uku na yadi da rufi, bango na huɗu kuwa jikin ɗakin-ja ne. In aka janye ɗakin, komai zubewa zai yi.

4/
Wannan ne ya hana ni karɓar tanti, ko da yake Jamusawa "Vorzelt" suke cewa, 'yan Holan kuma "voortent", duka ma'anarsu tantin gaba. A kunnen Bahaushe tanti abu ne mai tsayawa da ƙafarsa a fili. Laima kuwa, kana faɗa hankali ya tafi ga ta riƙewa a hannu. Kanofi na biki ne. Tamfol sunan yadin ne kawai.

5/
Wani Malam ya ce a kira shi zaure. Malam, na ga shawararka, kuma ta tsaya mini a rai. Gaskiya aikin zaure yake yi: nan ake cire takalman da suka kwaso taɓo, nan ake rataye jiƙaƙƙiyar riga, nan baƙo ke zama. Amma zaure gini ne, ba a naɗe shi a sa a jaka.

6/
Ni rumfa na zaɓa. Rumfar ɗakin-ja.

7/
Wata Hajiya ta ce rumfa ba ta da bango. Allah ya ƙara girma, Hajiya, rumfuna nawa ne a kasuwanninmu aka zagaye da zana ko buhu, kuma ba wanda ya sauya musu suna? Su ma waɗannan bangayen da zif aka haɗa su. Rana ta fito sai a zuge a cire gaba da gefe, rufin kaɗai ya rage. Abin da ba a cirewa shi ya kamata ya ɗauki sunan.

8/
Mu kai kalmar kanti mu ga ko za ta iya ciniki. Akwai cikakkiyar rumfa, wadda ke cinye gefen ɗakin gaba ɗaya. Ita ba a sayenta da ka. Ana bin kwarmin da igiya daga ƙasa zuwa ƙasa, a auna da santimita, ya ba da 900 ko 1,000 ko abin da ya bayar, da wannan lambar ake neman girmanta. In ta yi yawa rufin zai yi lanƙwasa ya tara ruwan sama, in ta gaza ba za ta taɓa ƙasa ba, iska ta riƙa shiga. Ta dace da mai zama wuri ɗaya makonni.

Akwai rumfar ƙofa, ƙarama, mai faɗin santimita 260 ko 330 ko 390, ta mai kwana biyu ya tashi. Abin lura a nan shi ne inda gefenta zai sauka: kada ya faɗa a tsakiyar taga ya hana ta buɗuwa.

Sannan kowacce akwai mai sanda da ta hurawa. Sandunan na ƙarfe ne ko alminiyam ko faiba, irin wanda kamfanin Isabella na Denmak ya yi suna a kai. Ta hurawa, irin ta Vango da Kampa, famfo ake sa mata ta miƙe cikin 'yan mintuna, sai dai da yake bututun iskar a jikin yadin suke, janta cikin kwarmin yana cin ƙarfi. Ko wacce aka saya, nauyinta yana cikin lissafin kayan da aka yarje wa ɗakin ya ɗauka.

Cikakkiyar rumfa, rumfar ƙofa, rumfa ta hurawa. Ba inda harshe ya harɗe.

9/
Wajen kulawa ma kalmar tana tafiya daidai. Kada a ajiye rumfa da danshi, fumfuna zai yi mata baƙin tabon da wanki ba ya fitarwa. A Ingila sau da yawa cikin ruwa ake naɗe ta, to da an isa gida a warware a shanya. Ba a sa mata omo, don yana wanke maganin da ke hana ruwa ratsa yadin; ruwa mai ɗumi-ɗumi da buroshi mai laushi sun isa. Kashin tsuntsu da ƙaron itace a goge su da wuri. Tagoginta na roba ne, kada ninki ya bi ta kansu.

10/
Amma akwai abin da ke damuna da zaɓina, kuma ba ƙarami ba ne. Wanda ya ji rumfa zai ɗauka sarari ne, ya shigar da kurfoti ko garwashin gashi idan sanyi ya matsa. In an zuge zif ɗin nan, wurin ɗaki ne rufaffe, kuma gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Garwashin da ake ganin ya mutu ma yana ci gaba da fitar da ita. Saboda haka duk mai fassara takardar gargaɗi ya rubuta "rufaffiyar rumfa", kada ya bar kalmar ita kaɗai.

11/
Saura sunan shi wannan kwarmin da igiyar ke bi. Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya ce a kira shi hanyar rumfa, ni kuma kwarmi ya fi kwanta mini don yana nuna zurfinsa. Masu ɗinkin tamfol da masu haɗa tagogin alminiyam, me kuke ce masa a wurin aiki?