Allon bango mai tsaga na rataye kaya: a saya ko a haɗa da hannu?

Mai Gareji:
Assalamu alaikum. Tambaya ce ga kafintoci da masu aikin shirya shaguna. Bangon bulo ne mai faɗin ƙafa 8, ana so a rataye kayan aiki a jikinsa: guduma, sifana, injin huda, shebur, har da keke ɗaya. Shin allon nan mai tsaga-tsaga da ake gani a shaguna zai ɗauki wannan nauyi? Kuma wanne ya fi, a sayo shiryayye ko a sayi katako a yanka tsagar da injin rauta?

Tsohon Kafinta:
Wa alaikumus salam. Malam, fara sanin inda allon yake karyewa, sauran bayanin zai zo da sauƙi. Ƙugiyar rataye kaya tana da harshe da ke shiga tsaga ya maƙale a bayan leɓen sama, wato siririn gefen allon da ya rufe saman tsagar, faifanta kuma ya kwanta a fuskar allon. Da ka ɗora kaya, harshen nan waje yake jan leɓen. Shi kuwa leɓen kaurinsa bai wuce kwatan inci ba. To allon da aka fi sayarwa na MDF ne, garin katako da aka cuɗa da gam aka matse, ba shi da jijiya irin ta katako, don haka leɓen ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, ɓallewa yake yi gaba ɗaya.

Awon da aka saba: ƙafa 4 da ƙafa 8, kauri inci uku bisa huɗu, tsakanin tsaga da tsaga inci 3. Idan tsagar babu komai a cikinta, kaya marasa nauyi kawai take so, irin su sifana da filaya. Idan aka zura mata layin alminiyam, nauyin yana bazuwa a tsawon tsagar maimakon ya taru wuri guda, ƙarfin ya ninka sau da yawa. Keke da injin huda sai da alminiyam, babu ja a nan.

Ka lura da tsawon ƙugiya ma. Kilo 5 a bakin ƙugiya mai inci 12 ya fi wahalar da leɓe nesa ba kusa ba a kan kilo 5 a ƙugiya mai inci 4. Mai nauyi a gajeriyar ƙugiya, a tura shi can jikin allo.

Mai Shirya Shago:
Baba ya gama magana a kan leɓe, bari in ɗora da ɗaurawa, don da yawa daga allunan da ke faɗowa ba laifin allon ba ne. Kada a manna MDF kai tsaye a jikin bulo. Siminti yana riƙe danshi, MDF kuma da ya sha ruwa sai ya kumbura, ba ya komawa yadda yake. A fara kafa sandunan tubaitu, wato katako mai inci 2 da 2, a tsaye, inci 16 tsakaninsu, wato guda 7 a faɗin ƙafa 8. Kowace sanda a ɗaure ta da sukuru da robar bango aƙalla wuri huɗu. Inda bangon ya yi ciki a cusa ɗan siririn katako a bayan sandar har duk su daidaita, in ba haka ba allon zai bi karkatar bangon, ƙugiya ta riƙa cijewa.

Allo ɗaya yana kai kilo 40, aikin mutum biyu ne. A kafa wata sanda a kwance da lebur a ƙasa, a ɗora allon a kanta, sannan a ɗaure. Sukurun ta cikin tsaga yake shiga, kansa ya nutse sosai don kada ya tare ƙugiya. Tsallake tsaga biyu, ɗaure ta uku, a kan kowace sanda. Zai ci sukuru wajen 40. Layin alminiyam ta gefe ake zura shi, saboda haka a saka shi tun allon yana ƙasa. Idan an riga an kafa allon a lungu, hanya ta toshe. A bar aƙalla inci 6 tsakaninsa da daɓe.

In garejin yana da laima sosai, a manta da MDF, a nemi na roba, wato PVC. Sai dai a duba tsagarsa, wasu kamfanoni ƙugiyarsu kaɗai ke shiga allonsu.

Mai Gareji:
Na gode ƙwarai. Saura batun yankawa da hannu, Baba.

Tsohon Kafinta:
Yana yiwuwa, amma wahalarsa ta fi ribarsa. Bakin rauta mai siffar T ba ya son ya ci katako shi kaɗai. Sai ka fara buɗe hanya da miƙaƙƙen baki, sannan ka bi da shi. Tsaga 15 sau biyu, tafiya 30 ke nan a tsawon ƙafa 8, kuma in injin ya goce sau ɗaya allon ya ɓaci. Ga ƙurar MDF, ba a shaƙarta, dole takunkumi.

Idan hannunka na ƙaiƙayi, ga hanya mafi sauƙi: filawud mai rabin inci a baya, sannan ka tsaga wani filawud ɗin mai rabin inci zuwa falle-falle masu faɗin inci 2 da biyar bisa takwas. Ka zabge bayan kowane gefe, zurfin kwatan inci, faɗin rabin inci. Ka jera su da gam da sukuru, kana saka ma'auni mai kaurin inci uku bisa takwas a tsakani. Amma sayi ƙugiya ɗaya tukuna, ka gwada ta a falle biyu kafin ka yanka sauran.

Injiniyan Bita:
Ni a ganina keken a cire shi daga lissafin allon. A ba shi ƙugiyarsa ta ƙarfe a jikin bulo kai tsaye. Sauke shi da mayar da shi kullum yana girgiza leɓe, ko da alminiyam sukurun da ke kusa sai sun saki. Shebur da manyan injuna kuma, fallen filawud da aka yanka gefensa a kusurwar digiri 45, ɗaya a bango ɗaya a jikin marataya, ya fi kowace tsaga riƙo. Allo mai tsaga a bar wa ƙananan kaya da ake yawan canza musu wuri, rabin allo ma ya isa.