Jinkirin Camp Nou: Laporta ya san wa'adin ba zai cika ba, ko aikin ne ya fi ƙarfin lissafi?

Auwal: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu 'yan Barcelona mun koma gida, filinmu Camp Nou da ake sake ginawa, mun lallasa Athletic 4-0, Lewandowski ya buɗe, Ferran ya zuba biyu, Fermín ɗaya. Alhamdu lillahi. Amma kada murna ta sa mu manta da abin da aka yi mana. An ce za mu koma a Nuwamba 2024, daidai da cikar ƙungiya shekara 125. Sai ranar 22 ga Nuwamba 2025 muka shiga, mutum 45,000 da 'yan kai a filin da aka ce zai ɗauki 105,000, ba rufi, bene na uku kuma ba a gama shi ba. Ni dai ra'ayina, tun ranar da aka ba kamfanin gine-gine na Limak kwangilar nan shugaban ƙungiya Laporta ya san wa'adin ba mai yiwuwa ba ne. Ya faɗa ne don mutane su yi shiru. Wanda yake da ja ya fito.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Ni ina da ja, ƙanena. Aikin gini nake yi, kuma duk wanda ya taɓa gyaran tsohon gini zai gaya maka ya fi sabo wahala nesa ba kusa ba. Camp Nou ba share fili aka yi aka fara daga tushe ba. An rushe bene na uku, wanda aka ƙara saboda gasar cin kofin duniya ta 1982, aka bar na ɗaya da na biyu. Ginin asali na 1957 ne. Kankaren da ya haura shekara sittin ba ka sanin halin da yake ciki sai ka fasa. Za ka ga ginshiƙi sumul daga waje, ka sa guduma, ka tarar ruwa ya shiga, rodin ciki ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga simintin. To wannan ginshiƙin ba ya cikin lissafinka na farko, kuma ba za ka ɗora mutum dubu a kansa ba sai ka gyara. Ƙungiyar da kanta ta ce an tarar da gyare-gyare fiye da yadda aka zata a benayen ƙasa.

Auwal: Injiniya, ai ka ƙara min hujja ne. Idan kai da kake nesa ka san tsohon gini yana ɓoye matsala, su da suke da rahoton injiniyoyi a kan tebur ba su sani ba? Me ya sa za su ce wata 17 ya isa?

Injiniya Bashir: Ba cewa suka yi za a gama a wata 17 ba. Cewa suka yi za a koma da kusan kashi 60 cikin ɗari na kujerun, a ƙarasa sauran ana wasa. Da bambanci.

Auwal: Shi ɗin ma ba a cika ba. Shekara guda cur aka ƙara.

Zainab: Yaya Auwal, ina tare da kai rabin hanya. Jinkirin bai dame ni kamar yawan sa rana ba. Nuwamba 2024 ta wuce, aka ce farkon 2025. Aka ce wataƙila El Clásico na watan Mayu. Sannan aka fito da sanarwa a hukumance, har da bidiyo, cewa ranar 10 ga Agusta za a buga kofin Gamper a Camp Nou. Ƙarshenta a ƙaramin filinmu na Johan Cruyff aka buga shi. Abin da ya fi yi min ciwo wasanmu da Valencia ne a watan Satumba. Barcelona guda, wasan La Liga, a filin da ke ɗaukar mutum 6,000, saboda Camp Nou ba lasisi, Montjuïc kuma, filin da muka yi haya, an yi bikin waƙa a cikinsa ciyawar ba ta takuwa. Mun ci 6-0, kusan ba wanda ya gani da idonsa. Wanda ya sayi tikitin jirgi ya kama otal saboda sanarwar ƙungiya fa, wa zai biya shi?

Nura: Ni ɗan Madrid ne, amma a bar ni in sa baki. Mu ma an fara gyaran filinmu Bernabéu a 2019, muka koma ƙaramin filin Di Stéfano lokacin korona, muka dawo a Satumba 2021 ana wasa ana gini. Kuɗin da aka faɗa da farko ba shi aka kashe ba, ya haura sosai. Mu ma mun samu tamu matsalar, a Satumba 2024 aka dakatar da bukukuwan waƙa saboda maƙwabta sun yi ƙorafin hayaniya. Amma shugabanmu Pérez bai riƙa fitowa duk wata biyu yana sa rana ba.

Alhaji Garba: Nura, ku sa'a kuka yi annoba ta rufe filaye, ba ku yi asarar tikiti ba saboda kowa ma ba ya sayarwa a lokacin. Kada ka mai da sa'a dabara.

Ku yaran nan kuna magana kamar Laporta ne ya ƙirƙiro aikin. Tun 2014 mambobin ƙungiya suka kaɗa ƙuri'a suka amince da shirin sabunta filin da ake kira Espai Barça, zamanin shugabancin Bartomeu, a kan yuro miliyan 600. A 2016 aka zaɓi zanen kamfanin Nikken Sekkei na Japan. Daga nan shiru, shekara ta bi shekara ba a taɓa benen ba. Laporta ya dawo a Maris 2021 ya tarar da bashin da ya haura yuro biliyan ɗaya, ƙungiya ta kasa ma riƙe Messi. A cikin wannan hali ya koma wa mambobi a Disamba 2021, suka ba shi izinin cin bashi har biliyan 1.5, ya samo biliyan 1.45 ta hannun Goldman Sachs da JP Morgan. Ranar 28 ga Mayu 2023 muka buga wasan ƙarshe da Mallorca, kafin ka ce me injuna sun shiga. Wanda ya shekara shida bai fasa ko bulo ɗaya ba ba ku tuhume shi ba, sai wanda ya makara da shekara guda?

Auwal: Allah ya ƙara girma Alhaji, ba wanda ya wanke Bartomeu. Amma laifin wancan ba ya goge na wannan. Mu zo kan Limak. Manyan kamfanonin Sifaniya sun nemi aikin, aka ba na Turkiyya saboda ya ce zai yi da araha kuma da sauri. Saurin nan shi ne babbar hujjar da aka ba mu. Kuma kafin nan filin ƙwallon da aka san sun gina shi ne na Mersin, mai ɗaukar mutum kusan 25,000. Har mamban hukumar gudanarwa da ke kula da aikin ya ajiye wannan nauyi bayan an zaɓe su. To idan sauri ne dalilin zaɓe, saurin kuma bai samu ba, me ya rage?

Injiniya Bashir: Kada ka raina Limak. Suna cikin kamfanonin da suka gina sabon filin jirgin saman Istanbul da gadar Çanakkale. Kuma akwai abin da ba a hannun ɗan kwangila yake ba. Filin nan a tsakiyar unguwar Les Corts yake, gidaje sun kewaye shi. Majalisar birni ta ƙayyade awoyin aiki saboda maƙwabta, ba kamar filin jirgi ba ne da ke bayan gari inda za ka kunna fitila ka kwana kana zuba kankare. Sannan lasisi. A watan Satumba 2025 'yan kwana-kwana ne suka ce hanyoyin ficewa idan an samu gobara ba su cika ƙa'ida ba. Ni a nan ina bayan 'yan kwana-kwana ɗari bisa ɗari. Gara a sha zagi a intanet da a tura mutum 45,000 wurin da ƙofar gudu ba ta buɗuwa.

Zainab: Wannan ba mai musu, Injiniya. Amma ƙayyade awoyin aiki ba daga sama ya faɗo ba, gidajen suna nan tun kafin a sa hannu. Ni tambayata ta kuɗi ce. An ruwaito cewa a cikin kwangilar akwai tarar yuro miliyan ɗaya a kan kowace ranar jinkiri. Ina tarar? Ƙungiya ta ce jinkirin ba laifin kamfanin ba ne. To laifin wa? Mu dai mun yi ta biyan hayar Montjuïc, kuma a kakar farko can mambobi kusan 17,000 kacal suka karɓi tikitin kaka, alhali a Camp Nou sun haura 80,000. Dutse ne, hawansa wahala, ga sanyi da dare, ga titin tsere tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa. Wannan gibin shi ya kai mu ga sayar da kujerun manyan baƙi 475 a kan yuro miliyan 100 don a yi wa Dani Olmo da Pau Víctor rajista a Janairu 2025, kujerun da ko kafa su ba a yi ba a lokacin.

Nura: Wannan ta Olmo kam mun sha kallo.

Alhaji Garba: 'Yata, a Montjuïc ɗin da kike kushewa Flick ya ɗauki La Liga, a can muka ci Madrid 4-3. Ban ga ya hana mu komai ba.

Zainab: Baba, Allah ne ya ba mu yaran La Masia, makarantar horar da 'yan wasanmu, a daidai lokacin. Da babu Lamine da Cubarsí da sai mun shiga kasuwa, da wane kuɗin?

Sadiq: Tun ɗazu nake karantawa. Ni ɗan Tottenham ne, mun ɗanɗana irin wannan. An ce za mu buɗe sabon filinmu a Satumba 2018 da Liverpool, har an sayar da tikitin kaka. Sai aka gano matsala a na'urorin kariya daga gobara, muka ci gaba da zaman haya a Wembley har 3 ga Afrilu 2019, ranar da Son ya ci Crystal Palace ƙwallon farko. A watannin nan ba irin zagin da Levy, shugabanmu na lokacin, bai sha ba. Yau ana buga wasannin NFL, wato ƙwallon Amurka, a ciki, ana dambe, kuɗi na shigowa ko ba ranar ƙwallo ba. In kuna son ganin jinkiri na gaske ku dubi Valencia. An fara gina sabon filinsu Nou Mestalla a 2007, kuɗi ya ƙare aka tsaya a 2009, kwarangwal ɗin kankare ya zauna a tsakiyar gari sai Janairu 2025 aka koma aiki.

Auwal: Sadiq, naku wata bakwai ne, kuma cikakken fili kuka shiga da rufinsa. Valencia kuwa kuɗi ne ya yanke musu, ba su da abin cewa. Mu kuɗin na hannu tun 2023. Shi ya sa nake cewa matsalar ranar ce, ba ginin ba. Alkawari kaya ne. Wanda zai ci bashin biliyan 1.45 dole ya nuna wa masu ba da bashi yaushe fili zai fara kawo kuɗi, kuma dole ya nuna wa mambobi cewa zaman haya gajere ne. Nuwamba 2024 ta biya masa buƙatun nan biyu, ga kuma bikin shekara 125 ya yi mata ado.

Injiniya Bashir: Zato kake yi, ƙanena, kuma zato ba hujja ba ne. Cewa mutum ya sa rana mai wuyar cika daban, cewa ya san ƙarya ce daban. A wajen aiki kullum ana sa ranar da ta matse don ɗan kwangila ya ƙara ma'aikata. In ka ce masa 2026, a 2027 zai ba ka makulli. Inda na yarda da Zainab shi ne sanarwar Gamper. A watan Yuni duk wanda ya zaga wurin da hular kwano ya san abin da ya rage, kuma lasisi ba a hannun ƙungiya yake ba. Bai kamata a sanar da ranar da majalisar birni ba ta sa wa hannu ba.

Auwal: To ranar da ake matsa wa ɗan kwangila da ita ai ta cikin ofis ce. Me ya kawo ta gaban magoya baya?

Zainab: Kuma magana ba ta ƙare ba. Yanzu an ce sai bazarar 2027 za a ɗora rufin. Injiniya, rufi mai wannan girma, ana iya ɗaga shi a cikin hutun wata uku?

Injiniya Bashir: Irin wannan rufin a kan igiyoyin ƙarfe yake rataya. Ana shimfiɗa su a ƙasa a cikin filin, sannan a ja su sama a hankali ta kowane ɓangare lokaci guda, kuma muddin ana wannan ba mai taka ciyawa. In an gama zoben ƙarfen da ke saman bene na uku kafin kaka ta ƙare, akwai dama. In ba a gama ba, wata uku ba zai isa ba, sai dai a nemi La Liga ta ba mu wasannin farko a waje, ko mu sake neman Montjuïc.

Alhaji Garba: In dai wasa uku ne ko huɗu, a koma. Ni ban ga abin tashin hankali ba.

Auwal: A koma, Alhaji, ban ƙi ba. Amma a faɗa mana tun yanzu, kafin a sayar da tikitin kakar 2027.